Wace na'urar datse kwanso ta dace da .308 da .223?

Maharbin Ohio:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka daɗe suna sake ɗura harsashi a gida nan Amurka. Kwanson da nake da shi, wato ɓawon tagulla na harsashi da ke saura bayan harbi, iri biyu ne: .308 Winchester na bindiga mai sakata, kamar guda 50 a wata, da .223 Remington da ake tarawa 400 zuwa 500 a lokaci guda, an harba shi a bindigogi daban-daban. Kalifa, wato ma'aunin tsayi, na nuna wasu .223 sun kai inci 1.764. Na'ura ɗaya za ta ɗauki duka biyun, ko sai an raba? Sannan kafin matsewa, wato mayar da kwanso girmansa na asali, ake datsewa ko bayanta?

Tsohon Makeri:
Wa alaikumus salam, Malam. Bari mu fara da ta ƙarshen. Bayan matsewa ake datsewa, ba kafin ba. Idan dayi, wato ƙarfen da ake cusa kwanso a ciki don matsewa, ya matse jikin kwanso, tagullar ba ta da wajen zuwa sai gaba, ga kuma ƙwallon faɗaɗa wuya yana janta a hanyar fita. Wanda ka datse kafin matsewa zai sake miƙewa, aikinka ya tashi a banza.

Wancan 1.764 kuma kada ka ɗura shi haka. Iyakar .223 a ma'aunin SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin harsasai a Amurka, inci 1.760 ne, ana mayar da shi 1.750. Na .308 iyakarsa 2.015, ana mayar da shi 2.005. Idan ya zarce, bakin kwanson yana cusa kansa inda ɗakin harsashi ya ƙare, ya damƙe kan harsashin, ya hana shi fita da sauƙi, matsin iskar albarushi ya hau. Wani lokaci sakata za ta yi maka nauyi wajen rufewa, wani lokaci ba ta nuna komai.

Wajen zaɓe, abin dubawa shi ne: daga ina na'urar take ɗaukar awonta? Akwai masu aunawa daga gindin kwanso, akwai masu aunawa daga kafaɗa.

Masu gindi su ne irin Forster, RCBS Trim Pro da Lyman Universal. Kamar ƙaramin injin juyi suke. Maƙalli ya riƙe gindin, wani ɗan sanda da ake kira jagora ya shiga wuya, ka juya hannu har aska ta tsaya. L.E. Wilson ma daga gindi take aunawa, sai dai ita jikin kwanson take riƙewa cikin wani bututun ƙarfe, babu jagora, shi ya sa bakin ke fita a miƙe sarai. Ga .308 guda 50 a wata, Wilson ko Forster ta wadatar. Abin lura da Wilson, bututun kwanson da aka harba daban yake da na sabo ko wanda aka matse gaba ɗaya a wasu nau'o'in, a karanta kafin a saya.

Idan aljihu bai da nauyi, akwai ta Lee: sanda mai tsayayyen tsayi da ke ratsa ramin wuta ta dira kan maƙalli. Ba a saita komai, ba a kuma iya sauya tsayin. Dole a cire tsohuwar faraima tukuna, wato abin kunna albarushi da ke gindin kwanso.

Mai Kalifa:
Baba Makeri ya gama magana a kan .308. Amma guda 500 na .223 da hannu, ai yatsu za su faɗa maka. Nan ne masu aunawa daga kafaɗa suka fi: WFT ta Little Crow Gunworks da Tri-Way ta Giraud, duka biyun a bakin diril ake ɗaura su, ko babbar Giraud mai motarta. Cusa kwanso kawai kake yi har kafaɗarsa ta zauna, ka ɗan murza shi, daƙiƙa biyu zuwa uku an gama. Ta Giraud tana datsewa ta kuma gyara baki ciki da waje a tafi ɗaya. WFT ta asali datsewa kaɗai take yi, gyaran baki naka ne.

Sai dai ga inda mutane ke ruɗewa, kuma ya shafe ka kai tsaye, ɗan'uwa, tunda kwansonka daga bindigogi daban-daban yake. Irin wannan na'ura tsayin wuya take daidaitawa, daga kafaɗa zuwa baki. Idan kafaɗun sun bambanta da 0.004, cikakken tsayin ma zai bambanta da 0.004, sai ka ɗora laifi kan aska alhali matsewar ce ba ta zo ɗaya ba. Abubuwan da ke kawo haka sanannu ne: man da ake shafa wa kwanso kafin matsewa ya yi yawa a wani kwanso ya yi kaɗan a wani, hannun firas, wato injin matsewar, bai kai ƙasa iri ɗaya ba, ko an gauraya tagullar da ta taurare da mai laushi. Taurarriya tana ɗan komawa baya bayan ta fito daga dayi.

Saboda haka ka ware su bisa tambarin gindi, na Lake City (masana'antar harsasan sojan Amurka) gefe, sauran gefe. Ka matse duka da saiti ɗaya, ka ɗan dakata daƙiƙa guda a ƙasan bugu. Ka auna kafaɗun guda goma da ma'aunin kafaɗa. Ga bindiga mai sarrafa kanta ana mayar da kafaɗa baya inci 0.003 zuwa 0.004, ga mai sakata 0.002 ya isa. Idan goman nan sun zo kusa da juna, sannan ka saita aska da kwanso ɗaya da ka riga ka kai 1.750, ka ajiye shi a matsayin samfur.

A wanke man matsewa kafin datsewa. Ɓarɓashin tagulla na mannewa a jikin mai, ya taru inda kafaɗa ke zama, kwanso ya daina shiga har ƙarshe, tsayi ya riƙa ƙaruwa a hankali ba ka sani ba. Duk bayan guda 50 a busa wurin a sake aunawa. Tabarau dole ne, ɓarɓashin nan tashi yake yi.

Tsohon Makeri:
Gaskiya ne, Malam Mai Kalifa. In ƙara biyu. A masu jagora, idan jagoran ya matse cikin wuya yana kartar ciki, idan ya yi sako-sako baki ya karkace. Ɗigon mai kaɗan a jikinsa lokaci-lokaci yana hana tagulla manne masa. Kuma kwanso mai rufin nikel yana dakusar da askar ƙarfe da wuri. Mai yawan irinsa ya nemi askar kabayid, wadda ta fi ƙarfe tauri. Alamar dakushewa ita ce baki ya riƙa lanƙwasowa waje maimakon ya yanku.

Gyaran baki kuwa, juyi biyu ko uku da hannu ya isa. Gashin da aska ta bari ake cirewa, ba wuƙa ake wasawa ba. Wanda ya fere shi ya yi kaifi, bakin zai tsage da wuri. Wanda bai gyara ba kuma, gashin zai kankare jan ƙarfen jikin harsashi lokacin zaunar da shi.

Maharbin Ohio:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. To sau nawa ake datse kwanso ɗaya kafin a jefar? Kuma na ƙaramar bindiga fa?

Mai Kalifa:
Amin. Tagullar da kake askewa a baki daga wani wuri ta taso, wato daga ɗan sama da gindi, inda bango ke sirancewa. Da yawa sukan tsaya a datsewa ta huɗu ko ta biyar, amma kada ka dogara da ƙirga kaɗai. Miƙe ƙaramar waya, ka lanƙwasa bakinta, ka ja ta a bangon ciki daga gindi zuwa sama. Idan ta faɗa wani kwari, ko ka ga zobe mai sheƙi a waje daidai wurin, murƙushe kwanson da filaya ka jefar, domin gindin na dab da rabuwa da jiki cikin bindiga. Yawan tura kafaɗa baya shi ke gaggauta wannan, ba datsewar ba.

Na 9mm da .45 ACP da wuya su buƙaci datsewa, ba sa miƙewa kamar masu kafaɗa. Amma .357 da .44 Magnum da ake naɗe musu baki kan harsashi, a daidaita tsayinsu sau ɗaya tun farko, in ba haka ba dogo zai naɗu fiye da kima har ya lotsa, gajere kuma ya ƙi kamawa. Su ba su da kafaɗa, don haka sai dai mai gindi, wadda ka saya domin .308, ka ƙaro mata jagora da maƙallin da suka dace.