Talauci ne ke kayar da yaran ƙauye a jarrabawa?

Malam Haruna: Jama'a, ni ban yarda a ɗora wa talauci komai ba. Akwai firamare biyu da na sani a ƙaramar hukumar Soba ta jihar Kaduna, iyayen yaran duk manoman masara ne, ba wanda ya fi wani. A ɗaya ɗan aji huɗu na karanta wasiƙa, a ɗayar ɗan aji shida sunansa ma da ƙyar yake rubutawa. Bambancin hedimasta ne kawai.

Hajiya Rabi: Malam, wacce ce a bakin titi?

Malam Haruna: Mai ƙoƙarin.

Hajiya Rabi: To ka gani. Malamin da ke da uwa a gindin murhu ba ya yarda a tura shi lungu. Wanda aka tura kuma kuɗin mai ke cinye albashinsa, sai ya riƙa zuwa Litinin da Laraba. Rashin hanya ai shi ma talauci ne.

Sani: Amma Hajiya, a 2017 gwamnatin El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka faɗi. Wannan ma yunwar ɗalibai ce?

Hajiya Rabi: Ɗana, an sallame su, an ɗauki sababbi. Je ka duba rajista lokacin girbi. Yara maza na gona, 'yan mata na talla ranar kasuwa. Ko farfesa ka kawo, benci zai koyar.

Baba Audu: Ku tuna 2016 da aka fara ciyarwa a makarantun jihar nan. Ajin jikata ya cika har ana zama bakin taga. Ana gama rabon abinci rabinsu su sulale. Yunwa ta kawo su, ba abin da ya riƙe su.

Sani: Baba, ai ka goyi bayana ke nan.

Baba Audu: Ban goyi bayan kowa ba, yaro. Tun da 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban Kuriga a 2024, iyaye da yawa ta wajen Chikun da Birnin Gwari ba maki suke tambaya ba, dawowar yaro gida suke jira.

Malam Haruna: Wannan daban ne, Baba. Hedimastan da nake faɗa, yaro ya yi fashin kwana uku yana ƙofar gidansu, ya haɗa da mai unguwa. Lokacin girbi kuma da asuba yake fara darasi, a tashi da wuri. Ko kwabo bai kashe ba.

Hajiya Rabi: A ina yake kwana?

Malam Haruna: A garin, ɗan can ne.

Hajiya Rabi: To ɗaya ƙauyen, 'ya'yansu nawa suka kai ga NCE, takardar shaidar malanta, balle su dawo su koyar?