Kabarin Yesu guda nawa ne a Urushalima? Ina neman ƙarin haske kafin Ista

Rifkatu:
Salama gareku 'yan'uwa. Dan Allah ina da tambaya, Ista ya matso kuma ni ce ke da ajin yara a Sande Sukul, sai na shiga intanet neman hoton kabarin Yesu in nuna musu. To hoto iri biyu na gani. Ɗaya lambu ne mai furanni da ƙofa sassaƙe a jikin dutse, ɗayan kuma wani ƙaton coci mai duhu cike da kyandir da fitilu, wai shi ma kabarin ne. Wanne ne na gaske? Abinda ya ƙara rikita ni cocin nan a tsakiyar gari yake, alhali Ibraniyawa 13:12 ta ce a bayan ƙofar birni ya sha wuya, Yahaya sura 19 ma ya ce gurin kusa da birni yake ba a ciki ba. Yaran nan basa raga wa mutum, wani zai jefo min tambaya in rasa ta cewa.

Baba Ishaya:
'Yata sannu da aikin Ubangiji. Na taka duka biyun da ƙafata, bari in faɗa miki abinda na sani.

Ganuwar da kike gani a hoto ba ita ce ta zamanin Yesu ba. Sarkin Turkawa Sulaiman ne ya gina ta wajajen 1538, kin ga shekara dubu ɗaya da ɗari biyar kenan bayan gicciye. A lokacin Bilatus gurin da cocin yake tsohon wajen fasa dutse ne a bayan gari, sai Hirudus Agaribas ya faɗaɗa ganuwa tsakanin shekara ta 41 zuwa 44, gari ya haɗiye gurin. Alamar da ta fi gamsar da ni ita ce har yau a cikin cocin, ta bayan ɗakin kabarin, akwai wasu tsofaffin kaburburan Yahudawa da aka haƙa a dutse, kuma Yahudawa basa binne gawa a cikin gari. Kenan da can maƙabarta ce a waje.

Yadda aka yi ginin kuwa, Sarkin Roma Hadriyan ya sake gina Urushalima wajen shekara ta 135, ya cike gurin da ƙasa ya ɗora haikalin gumaka a kai. Da Sarkin Roma Kustantin ya hau mulki ya ba masu bi 'yanci, sai aka rushe haikalin aka tona aka tarar da kabari, uwarsa Helena ma ta zo ziyara wajen 326, aka keɓe cocin a 335. Ki yi tunani, da ƙirƙira suka yi ai da sun je bayan gari sun zaɓi gurin da ya dace da Nassi a ido, amma suka nace a tsakiyar birni ƙarƙashin ɗakin gunki, mai yiwuwa domin nan mutanen garin suke nunawa tun kaka da kakanni.

Sai dai in kin shiga kar ki sa rai za ki ga kogo. Halifa al-Hakim na Masar ya sa an farfasa ginin a 1009, bayan an sake gina shi kuma gobara ta ci shi a 1808, ɗan ɗakin da ke kan kabarin yanzu na 1810 ne. Layi muka bi fiye da awa ɗaya, da muka shiga ko minti ɗaya ba a bar mu mun yi ba, limamin da ke ƙofa yana ta cewa a fito a fito.

Saratu:
Baba ina gaisuwa, amma ni fa gaskiya a Kabarin Lambu na ji zuciyata ta kwanta. Cocin nan hayaniya ta yi yawa, ga turare ga turereniya, ko addu'a na kasa yi. A lambun kuwa muka zauna ƙarƙashin itatuwa muka yi waƙa muka ci jibin Ubangiji, ga dutse a gefe mai ramuka kamar idanun ƙoƙon kai, ai Golgota ma'anarsa kenan wurin ƙoƙon kai, kuma Yahaya 19:41 ya ce akwai lambu a gurin. Komai ya zauna daidai. Abu ɗaya ne ya ɓata min rai, tashar bas ce a gindin dutsen, kana tunanin gicciye kana jin hon.

Malam Bulus:
Mama Saratu ba wanda zai musa miki daɗin lambun, amma ayar da kika kawo ki karanta ta har ƙarshe, ta ce SABON kabari ne wanda ba a taɓa sa kowa a ciki ba, Matiyu 27 ma ya ce Yusufu na Arimatiya ne ya sassaƙa wa kansa. Shi kuwa kabarin lambun, masanin tona ƙasa Gabriel Barkay ya bincike shi ya ce yanayin sassaƙarsa na ƙarni na 8 zuwa na 7 ne kafin haihuwar Almasihu, wato zamanin su annabi Ishaya, ya girmi Yusufu da shekara ɗari shida ko bakwai. Ba a ma gano shi ba sai 1867, kuma wani janar ɗan Ingila Charles Gordon ne ya yayata zancen dutsen ƙoƙon kai da ya zo a 1883. Su kansu masu kula da gurin in ka saurare su da kyau basa cewa tabbas nan ne, cewa suke zai iya zama, kuma yana taimaka wa mutum ya ga yadda abin ya kasance.

Maganar lambu kuma, tonon da masana daga jami'ar Sapienza ta Roma suka fara a ƙarƙashin daɓen cocin a 2022 ya nuna alamun an taɓa noman zaitun da inabi a gurin. Kafin nan a Oktoban 2016 lokacin gyara an ɗaga marmarar da ta rufe makwancin, aka gwada turɓayar ginin da ke ƙasa ta nuna ƙarni na 4, daidai zamanin Kustantin. Wannan bai tabbatar da cewa lallai nan aka kwantar da Yesu ba, dutse baya faɗin sunan wanda ya kwanta a kansa, amma ya nuna gurin bai gusa ba tun lokacin.

Hayaniyar da kika gani ma tana da dalili. Ɗariƙu shida ne ke raba ginin, Girkawa 'yan Otodoks, Katolika, Armeniyawa, Kibɗawan Masar, Suriyawa da Habashawa, su Habashawan a saman rufi suke zaune. Kowa da kusurwarsa da lokacin sujadarsa, tun dokar da Turkawa suka tabbatar a 1852 ba mai taɓa abu a gurin haɗaka sai kowa ya yarda, shi yasa akwai wani tsani na katako a ƙarƙashin taga saman ƙofa da ya fi shekara 200 a jingine. Makullin ƙofar kuwa a hannun Musulmi yake, gidan Judeh ke riƙe shi, gidan Nusaiba ke buɗewa da rufewa.

Rifkatu:
Kai nagode sosai Baba da Malam, zancen tsanin nan ya bani dariya. To yanzu wanne zan nuna wa yaran? Kuma tunda an taɓo 'yan Otodoks, me yasa Istansu ba ya faɗuwa rana ɗaya da namu?

Baba Ishaya:
Nuna musu na lambun su ga kamannin kabarin da ake sassaƙawa a dutse, sannan ki nuna cocin ki ce nan ne masu bi suke zuwa tun shekara 1,700 da suka wuce. In yaro ya matsa ki ce masa a cikin biyun cocin ne ya fi hujja.

Ranar kuwa lissafin wata ne, domin a lokacin Idin Ƙetarewa na Yahudawa aka gicciye shi. Ana bin Lahadin farko bayan cikar wata da ta zo daga 21 ga Maris, shi yasa namu yake yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Su ma ƙa'idar kenan amma da tsohuwar kalandar Yuliyas suke ƙirgawa, wadda take baya da kwana 13, sai nasu ya riƙa zuwa bayan namu da sati ɗaya ko huɗu ko biyar. Wani lokaci kuma a haɗu, kamar 2025 da kowa ya yi a 20 ga Afrilu.

Saratu:
Malam Bulus na ji bayaninka kuma na karɓa, amma in Allah ya sake kai ni lambun zan fara zuwa. Rifkatu turo min saƙo ta inbos, ina da hotunan da na ɗauka har da na tsanin.