Yawu da Abinci: Abin da Aka Tattauna kan Ruɓewar Haƙori

A wata hira da aka yi kan ruɓewar haƙori, shawarar da aka fi nanatawa ita ce, yawan maimaita shan zaƙi ya fi yawan sukarin illa. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki, ƙwayoyin cutar da ke manne da haƙori sukan mai da shi sinadari mai tsami da ke zaizaye fatar haƙorin. Yawu ne ke wanke tsamin, ya mayar wa haƙori da sinadarin kalsiyam, amma sai an ba shi lokaci. Yaron da ya wuni da alewa a kunci, ko mai kurɓar lemon kwalba kaɗan-kaɗan tun hantsi, bai ba yawun wannan damar ba. Gara a sha zaƙin tare da abinci, a kuskure baki da ruwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun dare. Yawu yakan ragu sosai in ana barci, don haka ba wa yaro shayi mai sukari ko alkaki daf da kwanciya ganganci ne.

Wasu sun ba da shawarar gyaɗa, kindirmo marar sukari da cingam marar sukari a maimakon kayan zaƙi. Mai fama da bushewar baki saboda magani ya gaya wa likita. Asuwaki yana taimakawa, amma a haɗa da man goge baki mai fuloraid, wato sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, safe da dare.