Neman kalmar Hausa: me za mu kira lichen?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan miƙa fassarar wani darasi da ke kwatanta jan kuregen bishiya na Turai da halittar da ake kira lichen, ta fuskar rabe-raben halittu da kare su daga ƙarewa. Kuregen bai ba ni wahala ba, amma ɗayar ta gagare ni.

Malamin halittu: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki ce gansakuka kawai, domin ɓawon nan da ke manne a jikin duwatsu da itatuwa haɗin gwiwa ne tsakanin funfuna da gansakuka: gansakukar tana haɗa abinci da hasken rana, funfunar tana ba ta mafaka da danshi, kamar yadda masanin tsirrai Simon Schwendener ya bayyana a 1867. Jan kurege dabba ce guda mai shayarwa, wadda masanin halittu Linnaeus ya raɗa wa sunan kimiyya Sciurus vulgaris a 1758, ita kuwa lichen sunanta na kimiyya sunan funfunar ne kaɗai. Ina ganin a rubuta laikin.

Dattijo: Laikin kuma? Kasala ce ke sa ku aro. Na daɗe ina cewa kyasbin dutse, kuma duk Bahaushen da ya ga tabon zai gane.

Ɗalibar harshe: Baba, da aro kasala ne, da ba mu da littafi ko alƙalami.

Dattijo: Waɗannan daga Larabci suke, 'yata, kuma sun yi ɗaruruwan shekaru a bakinmu.

Malamin halittu: Ranka ya daɗe, kyasbi cuta ce, wannan halitta kuwa ba ta cutar da itacen da take zaune a kai. A Birtaniya jan kurege ya ragu saboda kurege mai ruwan toka da aka kawo daga Arewacin Amurka a 1876, wanda ke ɗauke da cutar da ke kashe jan kuregen, kuma jama'a sun tashi tsaye domin suna ƙaunarsa. Ita laikin gurɓatacciyar iska ce ke hallaka ta, musamman hayaƙin kwal, masu kula da ita kuma kaɗan ne. Idan aka kira ta cuta, ɗalibi zai ɗauka kankare ta ya kamata a yi.

Mai fassara: Zan rubuta laikin, in bi ta da bayanin cewa haɗakar funfuna da gansakuka ce.

Dattijo: Ki rubuta, tunda lokaci ya ƙure miki, amma ni ban janye kyasbin dutse ba.