Ina shirin sayen tsohon gida a Garwa: da wane gyara ya kamata in fara?

Mai tambaya, Garwa

Assalamu alaikum. Shekara tara ina zaman haya, yanzu kuma an yi mini tayin wani tsohon gida a unguwar Yelwa, wanda mai shi ya rasu, magada suka ce a sayar a raba kuɗin. Ginin laka ne, mai zaure da ɗakuna huɗu. Biyu rufin soro ne a kan azara, biyu kuma kwano ne da ya yi tsatsa. An taɓa shafe bangon da siminti, amma ya ɓamɓare daga ƙasa har kusan gwiwa, sannan na ga hanyar gara a jikin ƙofar zaure. Abin da zai rage mini bayan ciniki ba zai isa gyara duka ba, mai ɗakina kuma tana so mu tare kafin damina. Da me zan fara?

Tsohon akawu, Garwa

Wa alaikumus salam. Malam, ka ajiye maganar bango tukuna, ka tambayi takarda. Tun dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974, a Kamaru ba a cinikin fili mai rajista sai a gaban noter, wato jami'in shari'a mai tabbatar da takardun ciniki, kuma titir fonsiye, wato takardar rajistar fili, ita ce shaidar mallaka a idon hukuma. Takardar da aka rubuta a gaban jauro, wato mai unguwa, da shaidu tana da daraja a unguwa, amma ba za ta tsaya maka a kotu kamar waccan ba. Tunda gidan gado ne, ka nemi hukuncin kotu da ya lissafa magada, ka tabbata kowannensu ya yarda, har matan da ke aure a wasu garuruwa, domin galibi wanda ba a tuntuɓa ba shi ne yake dawowa bayan shekaru ya ce rabonsa yana nan. Ka je ofishin filaye a duba maka ko an jinginar da gidan.

Magini, Marwa

Ɗan'uwa, simintin da ya ɓamɓare ba shi ne ciwon ba, alama ce kawai. Laka tana shan danshi tana kuma fitar da shi, siminti kuwa yana kulle shi a ciki, sai gindin bango ya ruɓe a ɓoye alhali fuskarsa tana nan sumul. Ka ƙwanƙwasa bangon da bayan wuƙa. Duk inda ya yi amon ganga, shafen ya rabu da ginin. A kankare wurin, a bar shi ya bushe, a cike da laka mai ƙarfi da aka cuɗa da ciyawa, sannan a gyara gangaren tsakar gida yadda ruwa ba zai kwanta a gindin bango ba.

Amma kafin wannan, ka hau soro. Ka duba indararo, domin idan ya toshe ko ya karye, ruwan Agusta zai bi jikin bango ya zare shi. Azara itacen giginya ce, gara ba ta cika samun sa'arta ba, sai dai bakinta da ke cikin bango yakan ruɓe idan rufin ya daɗe yana yoyo, don haka a tona a gani. Katakon da ke ƙarƙashin kwano shi ne abincin gara. Idan ka soka masa ƙusa ta shige ba wuya, a sauya shi kafin a ɗora sabon kwano. Fenti da tayil kuwa, ko a baɗi ma sun yi.

Uwar gida, Ngawundare

Ni dai shawarata kada ku tare kafin damina, ko da Hajiya za ta ji ba daɗi. Mun yi wannan gaggawar, muka kwana uku muna tara ruwa da kwanoni, ga kuma ramin masai da ya rufta a daren farko da aka yi ruwa mai ƙarfi. Gara ku ƙara biyan hayar wata biyar, ku riƙa zuwa gidan bayan kowane ruwa kuna lura da inda yake taruwa, musamman tunda Garwa a bakin Binuwai take. A kira mai gyaran lantarki ya duba tsofaffin wayoyi, a kuma tabbatar babu bashin wuta da na ruwa a kan mita kafin a biya kuɗin gida.

Mai tambaya, Garwa

Allah ya saka da alheri. Na tambaya, ashe akwai 'yar marigayin guda da ke aure a Kusiri wadda ba a gaya mata ba, saboda haka na dakatar da biya har sai ta zo. Malam magini, idan rufin soro ɗaya ya lalace sosai, in mayar da shi kwano ne, ko in haƙura in gyara shi saboda zafin Maris da Afrilu?