Fim na awa ɗaya da rabi da kuɗi kaɗan: ina za a zuba kuɗin, ina za a matse?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum. Masana harkar fim, ina neman shawararku. Akwai labari a hannu na rikicin gado tsakanin 'yan'uwa, ana so ya zama fim guda cikakke na minti 90, ba mai dogon zango ba. Abin da aka iya tarawa naira miliyan biyu ne da 'yar ɗoriya, babu kamfani a bayanmu, babu jarumi mai suna. Rubutun ya kai shafi 110, wuraren ɗauka 14, har da sin (wato fitowa ɗaya a cikin fim) ɗin biki da na asibiti. Shin a sayi kyamara ne, ko a yi haya, ko waya ta wadatar? Kwana nawa ya kamata a ware? Kuma me ya fi kashe irin wannan aikin? Na gode.

Hajiya Furodusa:

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka fara tambaya daga kyamara, alhali matsalarka tana cikin takardar. Wurare 14 da wannan kuɗin ba za su haɗu ba. Duk lokacin da aka tashi daga wani gida zuwa wani, rabin yini ya tafi: a kwance kaya, a loda mota, a jira wanda ya makara, a sake haɗa fitilu. Ka mayar da su uku ko huɗu, kuma ɗaya daga ciki ya ɗauki fiye da rabin fim ɗin. Ka ci sa'a ma labarin gado ne, gida ɗaya mai zaure da tsakar gida da ɗakuna biyu zai iya riƙe shi. Asibiti kuwa ɗaki ne mai farin bango, gadon ƙarfe da sandar rataye ledar ƙarin ruwa, ba sai an je neman izinin asibitin gaske ba.

Ƙa'idar da aka saba ita ce shafi ɗaya minti ɗaya, in an tsara rubutun yadda ya kamata. To 110 ya yi yawa, a rage zuwa 85 ko 90 tun a takarda. Sin ɗin da za a yanke a wurin edita an riga an biya masa abinci da mai da kuɗin mota. Da kyamara ɗaya, shafi shida zuwa bakwai a rana shi ne abin da za a iya ba tare da an yi aikin gaggawa ba, wato kwana 13 zuwa 15. Ka ƙara kwana biyu na ko-ta-kwana.

Kafin ranar farko, ka zauna da takarda ka fasa rubutun: kowane sin, a ina ne, rana ko dare, su wa ke ciki, wane kaya suka sa, me ake buƙata a hannu. Sai a jera ɗauka bisa wuri da jarumi, ba bisa jerin labari ba. Dattijon da ke da sin takwas a warwatse, a haɗa masa su a kwana biyu a sallame shi.

Batun kuɗi, abin da sababbi ba sa lissafawa shi ne ciki. Mutum 12 sau abinci biyu sau kwana 15, kwano 360 ke nan, ban da ruwa. Abinci da sufuri da man janareta za su iya cinye kashi ɗaya cikin uku. Ka ware wani kashi ɗaya cikin huɗu ka kulle, na edita da hukumar tace fim da fosta, kar a taɓa shi ko me ya faru a lokeshan. Fina-finai da yawa ba a wurin ɗauka suke mutuwa ba, a kwamfutar edita suke kwana saboda kuɗi ya ƙare. Kyamara kuma haya za ka yi, tare da mai ita.

Kowa ya sa hannu a takarda, har abokinka da mai gidan da aka ara. A rubuta kwanaki, abin da za a biya, da cewa ya yarda a nuna fim ɗin a ko'ina. Mai gida na iya gajiya da ku a kwana na biyar, kuma in ya rufe ƙofa bayan an ɗauki rabin fim a ɗakinsa, sai dai a sake daga farko.

Mai Sauti:

Hajiya ta gama magana a kan takarda. Ni amsata ga tambayarka ta ƙarshe ɗaya ce: sauti. Mai kallo zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma in bai ji abin da ake faɗa ba, minti biyu ya wuce gaba. Galibin masu kallonka ma a waya za su gani, da ƙaramar sifika, wani a cikin Keke Napep.

Kar ka dogara da makirfon jikin kyamara ko sau ɗaya. Ka nemi na'urar naɗa daban, irin Zoom H5 ko Tascam DR-60D, da makirfo mai tsini a kan sanda, wanda ake ce wa bum, da na maƙalawa a riga guda biyu. A saita naɗin a kilohaz 48, bit 24, a tsarin WAV. Ƙarfin murya ya riƙa yawo wajen -12 a allurar na'urar, in an ɗaga murya kar ya wuce -6. Ya taɓa sifili ya fashe, kuma fasasshen sauti ba shi da magani. Fim ɗin rikicin gado ba ya rasa ihu, saboda haka a gwada ihun kafin a ɗauka.

Bum ya sauko daga sama, yana kallon bakin mai magana, nisan kamar kamu ɗaya zuwa ɗaya da rabi, dab da gefen hoto. Kowane taku da ya ja baya, ɗakin ne zai fi shiga maimakon murya. Ɗakunan siminti da tayil amsa-kuwwa gare su, sai a shimfiɗa darduma da bargo a ƙasa da bangon da kyamara ba ta gani. Na maƙalawa kuma babban abokin gabarsa sabuwar shadda ce mai sitaci da mayafi mai duwatsu, motsi kaɗan sai ƙarar goga. A manne shi da filasta a kan singileti, a ɗan naɗe wayar, ko a zaɓi kaya masu laushi tun farko.

In ka je duba gida, ka tsaya shiru minti biyar ka saurara, a daidai lokacin da za ku riƙa aiki. Akwai injin markaɗe a maƙwabta? Makarantar Islamiyya? Mai walda? Titi? Gida mai kyau kusa da injin niƙa ba gida ba ne. Lokutan kiran salla a sa su cikin jadawali, su zama lokacin hutu da abinci. Da damina kuma rufin kwano ba ya barin a ɗauki magana in ana ruwa.

Janareta ya yi nisa, waya mai tsawon mita 50 ko fiye, a bayan katanga. A kashe fanka da firji lokacin ɗauka, mai makullin mota ya ajiye shi cikin firjin don kar a tafi a bar wa masu gida shi a kashe. A kowane wuri, bayan an gama, kowa ya yi tsit a naɗi minti ɗaya na shirun ɗakin, da shi edita zai cike tsakanin maganganu. Kuma a tafa allo ko hannu a gaban kyamara a farkon kowace ɗauka, a faɗi lambar sin. Mai riƙe na'ura ya sa hedfon a kunne koyaushe, kallon allura kawai ba ya nuna kukan akuya.

Kamaraman Tudun Wada:

Malam Mai Sauti, a bar mana namu kason dai, hoto ma ba a banza yake ba.

Waya za ta iya, amma ba na ba da shawararta ga fim mai sin ɗin dare da cikin ɗaki. Sony A7 III, Panasonic GH5 ko Blackmagic Pocket 4K, duk wadda aka samu haya da sauƙi ta isa. Lensi biyu sun wadatar, mai faɗi na ɗaki da 50mm na fuska. Batir aƙalla huɗu.

Abin da ke lalata aiki ba a lura ba: wutar Najeriya da Nijar haz 50 ce. A ɗauka a firem (wato hoto) 25 a sakan, shota (tsawon lokacin da haske ke shiga kowane firem) 1/50 na sakan. Wanda ya kwaikwayi saitin Amurka na firem 30 da shota 1/60 zai ga hoto yana rawa ko layuka suna bi ta kansa a ƙarƙashin fitilar ɗaki. Janaretan da ba ya tafiya daidai ma yana kawo haka, shi ya sa fitilun LED masu batir suka fi kwanciyar hankali. Launin haske a saita da hannu, 5600 a hasken rana, 3200 a ƙwan fitila mai ja, kar a bar wa kyamara ta zaɓa, in ba haka ba launin fuska zai canja a tsakiyar magana.

A waje, daga hantsi zuwa la'asar rana tana tsakiyar ka, ido ya faɗa rami, farar riga ta ƙone, fuska ta yi baƙi. A yi na waje kafin ƙarfe 10 ko bayan 4, tsakiyar rana a shiga ɗaki. In dole ne, a ɗaga farin yadi a saman jarumai, a mayar da haske fuska da farin kwali, a sa filtar ND mai rage haske a lensi. Watannin Maris zuwa Mayu kyamara na ɗaukar zafi ta mutu, a riƙe mata lema. Lokacin hunturu hazo na ba da haske mai laushi, amma kar a canja lensi a fili, ƙura za ta zauna a ciki ta fito a kowane hoto.

Sin ɗin dare a rage shi iya yiwuwa. Kuma mutum ɗaya aikinsa kawai ya ɗauki hoton kowane jarumi da waya kafin sin: hula, ɗaurin ɗankwali, hannun da ke riƙe da carbi. Sin biyu da ke jere a fim ana iya ɗaukarsu da tazarar kwana tara.

Ɗan Fagge:

Allah ya saka da alheri. Biyu suka rage. Bikin fa, labarin ba ya tafiya in babu shi. Sannan wani ya ce mini a ɗauka kawai, a sake ɗora muryoyi a situdiyo, wai ya fi arha.

Edita Zariya:

Bikin ba sai ka tara mutum ɗari ba. Ka ɗauke shi daga cikin ɗakin amarya ko daga zaure: mata takwas a matse cikin hoto, wasu na giftawa ta gaban kyamara, guɗa da kiɗa da hayaniya a ɗora daga baya. Kunne zai cika abin da ido bai gani ba. A lokacin ɗauka 'yan bikin su riƙa motsa baki kawai, don maganar jarumai ta fita tas.

Yanzu lissafin ajiya. A7 III a 4K tana cin wajen gigabait 45 a awa. In ka ɗauki ninki takwas na tsawon fim, awa 12 ke nan, gigabait 540. Ka sayi had-diraif biyu masu terabait ɗaya ko biyu. Kowane dare a kwafe memori zuwa duka biyun, a buɗe wasu fayiloli a tabbatar suna wasa, sannan a goge katin. Su biyun kar su kwana a jaka ɗaya. Foldojin da ke ɗauke da fayiloli a jera su da kwanan wata, kar a canja wa na ciki suna.

Ka kawo editan tun ana ɗauka, ya riƙa haɗa na jiya yau. Shi zai gaya maka babu hoton fuskar mai sauraro a sin kaza, alhali kuna cikin gidan. Kowane sin a samo masa abin yankewa: hannu, ƙofa, butar shayi. DaVinci Resolve kyauta ce, tana yanka, tana gyara launi da sauti. In kwamfutar ba ta da ƙarfi a yi ƙananan kwafi a yi aiki da su. Ka sa wata biyu zuwa uku, ba sati biyu ba.

Kiɗa kar ka ɗauko na kowa. YouTube na gane shi, kuɗin tallar ya koma wa mai shi ko a toshe fim ɗin. Ka biya mai kiɗa ɗaya ya yi maka naka, da takarda.

Tacewa kuma ba abin wasa ba ce. In a Kano za ka yi, ka je Hukumar Tace Fina-finai ta jiha tun kafin ɗauka ka ji sharuɗɗan rajista, sutura da cuɗanyar maza da mata, don sake ɗaukar sin ya fi kuɗin tambaya tsada. Ɗorawa a intanet ba ta fitar da kai: a watan Mayun 2025 hukumar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 saboda ba a kai su tacewa ba. Akwai kuma ta tarayya a Abuja in za ka kai sinima ko wasu jihohi.

Kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai a Kano ta zama tarihi, don haka ka san inda za ka sayar kafin ka kunna kyamara. Sabuwar tasha a YouTube ba ta samun cikakken kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Ko dai ka yi yarjejeniyar raba kuɗi da tashar da ta riga ta kafu, a rubuce, da wa'adi, ko ka gwada tashoshin talabijin irin Arewa24 da Africa Magic Hausa. Su za ka fara kai wa, domin wanda ya riga ya bazu a intanet darajarsa ta faɗi a wurinsu. Fassarar Turanci a ƙasan hoto a ba wanda ya iya, a ajiye ta a fayil daban.

Mai Sauti:

Batun ɗora murya, wanda ya ce maka ya fi arha bai lissafa ba. Za ka sake kiran kowane jarumi, ka sake biyan mota da abinci, ka biya situdiyo na kwanaki, sannan duk takun ƙafa da ƙarar ƙofa da motsin kwano sai an ƙirƙiro su ɗaya bayan ɗaya, tunda an zubar da na asali. Sababbin jarumai kuma ba sa iya maimaita kuka ko fushi a gaban makirfo daidai da bakinsu.

In babur ya ɓata layi biyu, kar a jira situdiyo. Da an ce yanke, a tsayar da jarumin a wurin, a kashe kyamara, ya maimaita layin sau uku da irin muryar da ya yi yanzu, bum na kusa da shi. Ɗaki ɗaya ne, makirfo ɗaya, edita zai dasa shi ba wanda zai gane. A rubuta lambar fayil ɗin a takardar sauti kusa da lambar sin, don kar a neme shi a rasa bayan wata biyu.