Inshorar tafiya ta ƙi ɗaukar wasan zamiya a ƙanƙara, ina mafita?

Assalamu alaikum. Daga Katsina nake, kuma wannan magana ta hana ni sakat.

A watan Fabrairu nake son yin kwana 21 a tsaunukan Alps na Turai ina wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara: kwana 9 a Chamonix ta Faransa, 6 a Zermatt ta Suwizalan, 6 a St. Anton ta Ostiriya. Tunda Faransa ce ta fi yawan kwanaki, ta wajensu zan nemi bizar Shengen, wadda da ita ake shiga duka ƙasashen uku. Wannan ba matsala.

Inshora ce ta tsaya mini a wuya. Na sayi wadda ta cika sharaɗin biza, wato Yuro 30,000 na kuɗin magani, sai da na zauna na karanta ƙananan rubutun na ga an cire wasannin ƙanƙara baki ɗaya. Ke nan in na karye a kan dutse, ko aka ɗauko ni da jirgi mai saukar ungulu, daga aljihuna zan biya. Abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan, domin a Suwizalan kuɗin asibiti ba wasa ba ne.

Na koma wurin wakilin da ya sayar mini a nan Katsina, ya ce ba su da ƙarin inshorar da ke ɗaukar wasannin ƙanƙara. Na kira wani kamfani a Kano, amsar ɗaya. Na gwada na waje biyu ta intanet: ɗaya ya ce sai mazaunin Turai, ɗayan kuma katina na naira ya ƙi wucewa har sau uku.

Don Allah, wanda ya taɓa yin irin wannan tafiya daga Najeriya, ta wace hanya ya samu inshorar da ta haɗa wasan zamiya da ceto daga kan dutse a ƙasashen nan uku?